Tankin da Na Binne Kusa da Rijiyar Tsamiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki. Innarka na ba, ta sa maka ita cikin jaka, don na san in na zaunar da kai in faɗa da baki, rabi zan faɗa in haɗiye rabi. Ka san halina.

Ranar da ka shaida mini cewa kamfanin da ya ɗauke ka aikinsa girka tankunan mai ne a ƙarƙashin ƙasa, da tone tsofaffi a sa sababbi yadda dokar kare muhalli ta tanada, ka ga na yi shiru. Ka ɗauka ban ji daɗi ba. Na ji daɗi ƙwarai. Kunya ce ta riƙe mini baki. Cikin duk sana'o'in da ke duniya, sai ka je ka koyo wadda ubanka ya yi ɓarna a cikinta.

Ka san an taɓa canja tankin gidan manmu kana ƙarami, farkon shigarka lakol, makarantar boko. Ka san kuma Baba Habu, wanda yake ɗaukarka a kafaɗa ya kai ka kallon motocin kasuwa, ya tashi daga Gangara ya koma Cadakori. Mutanen gari suna jin nauyinka, shi ya sa ba wanda ya gaya maka cewa abubuwan nan biyu labari ɗaya ne.

Da esansi na kwalba na fara, wato fetur, a bakin tasha, irin wanda ake shigowa da shi daga ƙetaren iyaka. Da Allah Ya buɗa mini, sai na ce zan kafa gidan mai na gaske, mai pampo da rumfa. Abin da ya rage shi ne tanki. Na je Maradi na ga sababbi, na ji tsadarsu, na juya. Wani ya kai ni wani fili inda ake tara tsoffin ƙarafa, na tarar da wani babban tanki da aka ciro daga gidan man da ya daina aiki. Daga sama lafiyarsa lau. Na ɗauko wani mai walda, Garba sunansa, ya duba mini. Ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da guduma, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya tashi yana kaɗe riga.

Ya ce, "Malam Isuhu, wannan ya gama aikinsa. Tsatsa ta cinye cikinsa ta ƙasa."

Na ce, "Ai shi ya sa na kira ka. Ka liƙe inda ya ci, a shafa fenti."

Ya ce, "Inda na gani zan liƙe. Inda ban gani ba fa?"

Na yi dariya na ce masu walda kullum sai sun tsorata mutum. Ya liƙe, aka shafa baƙin fenti, ya yi kyau har yana ƙyalli. Ya ce a ƙalla in bari a hura masa iska a rufe a gani ko tana fita, in kuma gina masa ɗaki na siminti a cikin ramin kafin a saukar da shi. Ban yi ko ɗaya ba. Kaka ta matso, motocin wake da gyaɗa za su fara shigowa, ga wani ɗan kasuwa ana raɗe-raɗin shi ma zai buɗe nasa. Ina son a ce ni na riga. Aka tona rami a filina, aka zura tankin a kan ƙasa tsirara, aka mayar da turɓaya. Daga bakin ramin, in ka tsaya, kana jin hirar matan da ke jan ruwa a Rijiyar Tsamiya. Takardun izini ma ban kammala ba, na ce a hankali za a yi.

Ɗana, aikinka duka a ƙarƙashin ƙasa yake. Da an mayar da ƙasa, ba wanda zai ƙara ganin abin da hannunka ya yi, kuma mai gidan mai zai gode maka ko ka yi daidai ko ba ka yi ba. Za ka haɗu da irina da yawa, masu gaggawa, masu dariya, masu cewa a rufe kawai. Wasu sa'annin ubanka ne, za ka ji nauyinsu. Ka ji nauyinsu a gaisuwa, amma kada ka rufe ramin da ba ka gwada ba. In sun matsa, ka ɗauki kayan aikinka ka tafi. Garba ya faɗa mini gaskiya, amma ya tsaya ya liƙe. Da ya ƙi, da na zage shi a ranar, da yau ina yi masa addu'a.

Shekarun farko komai ya tafi daidai. Habu ne ke riƙe da pampo. Tare muka tashi da shi, tare muka yi makarantar allo, gonar ubansa tana maƙwabtaka da ta kakanka. Da na buɗe gidan mai ban nemi kowa ba sai shi. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke zura sandar awo a cikin tanki ya gaya mini inda mai ya tsaya.

Bayan wata damina mai ruwa da yawa, sai mai ya fara raguwa fiye da abin da ake sayarwa. Habu ne da kansa ya fara faɗa mini. Ka lura da wannan: shi ya zo ya faɗa.

Ya ce, "Isuhu, da safe sandar ba ta nuna inda na bar ta jiya. Ina jin tankin nan yana yoyo."

Da ya ambaci tanki, sai maganar Garba ta dawo mini. Amma in tanki ne, laifina ne, kuma sai an tone, an rufe gidan mai, gari ya san abin da na binne. In kuwa mutum ne, kora ce kawai. Ban zauna na tsara haka a raina ba, amma yanzu da nake dubawa, haka zuciyata ta yi lissafinta. Na fara sa masa ido. Na ga ya sayi sabon keke, na riƙe. Na ga ƙaninsa mai kabu-kabu yana yawan tsayawa wajensa, na riƙe. Mutum in yana neman abin zargi, ba ya rasawa.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, wuri cike da babura da masu amalanke, na zura sandar da hannuna, na ciro, na ɗaga murya. Na ce masa, "Habu, ina man yake tafiya? Tanki ba shi da ƙafa."

Ya ce, "Mu shiga ciki mu yi magana."

Na ce, "A nan za a yi. Wanda bai ci amana ba ba ya neman ɗaki."

Ya ciro makullai daga aljihu, ya ajiye a kan pampo, ya ɗauki butarsa ya tafi. Kafin la'asar duk kasuwa ta ji. Ba a jima ba yara suka fara kiran ɗansa ɗan ɓarawon esansi a lakol. Matarsa ta daina zuwa biki da suna. Da aka gama girbi, ya kwashe iyalinsa ya koma Cadakori wajen dangin mahaifiyarsa. Ban je sallama ba.

Mai kuwa ya ci gaba da raguwa. Ni ke riƙe da makullai, ni ke awo, kuma yana raguwa. Daga nan na sani. Ban gaya wa kowa ba.

Laminu, in abu ya ɓace a wurin aikinka, ka fara da tuhumar ƙarfe da tiyo da hannunka, kafin ka tuhumi mutum. Ƙarfe in ka zarge shi a banza ba abin da ya same shi. Kuma ko ka tabbata mutum ya yi laifi, ka ja shi gefe. Duk lokacin da ka ji kana ɗokin a samu mai laifi, ka tsaya ka tambayi kanka me kake gudun a gano.

Yanzu na zo inda ya fi mini wuyar rubutawa.

Wata safiya innarka ta miƙo mini kunu ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, shaƙa ka ji." Na shaƙa. Ƙamshin tsamiya yana nan, amma can ƙarƙashinsa akwai wani wari da na sani fiye da kowa a garin. Ta ce ruwan Rijiyar Tsamiya ne, kwanan nan in an bar shi a tulu ya kwana, sai ka ga wani abu mai launi-launi yana yawo a kansa. Na ce ƙila wata ce ta ɗebi ruwa da bidon mai, wato jarka.

A ranar na yi magana da mai amalanke ya riƙa kawo mana ruwa daga pampon da ke bayan kasuwa. Na ce wa innarka kada ku ƙara shan na rijiya, kuma kada ta tayar da magana a unguwa. Ka gane abin da na yi? Na tsare ku, na bar ƴaƴan maƙwabta suna sha. Ina zaune a rumfata ina ganin ƴan mata suna wucewa da tuluna a ka, suna gaishe ni, ina amsawa.

Innarka ba ta bi maganata duka ba, Allah Ya saka mata. Ta riƙa cika tulun maƙwabciyarmu daga namu a ɓoye. Amma unguwa ba gida ɗaya ba ce.

Shanu ne suka fara ƙi. Wani makiyayi, Buba, da ya saba shayar da garkensa a kwamin rijiyar duk rani, ya zuba ruwa, shanun suka sunkuya suka shinshina suka ja da baya. Da ƙishinsu suka juya. Shi ya fara faɗa a fili cewa ruwan ya ɓaci. Sai kuma Inna Tsahara, tsohuwar nan da ke da ɗan lambun zogale da yakuwa a gefen rijiyar, wanda da shi take ciyar da jikokinta marayu. Ganyen ya yi rawaya ya zube. Ƙaramar jikarta ta kama amai da ciwon ciki har aka kwantar da ita a gidan likita.

Ta zo har rumfata da ƙwarya a hannu, cike da ruwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Isuhu, ni na yi wa uwarka wankan jego da ta haife ka, da ruwan rijiyar nan. Ga shi, sha ka gaya mini ko hancina ne ya tsufa."

Mutane suna kallo. Na ce, "Inna, azumi nake." Ba azumi nake ba.

Ta ce, "To, Allah Ya karɓa." Ta ajiye ƙwaryar a gabana ta tafi.

Na yi ƙarya da ibada don in guje wa ruwan da na bar yara suna sha. Na nemi gafarar Allah a kan wannan fiye da yadda zan iya faɗa maka. Shawarata a nan gajeriya ce. In ka san akwai cuta a wuri, ka faɗa da ƙarfi tun a ranar, ko da kai ka jawo ta. Duk ruwan da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka yi shiru ɗan wani ya sha. In mace ko makiyayi ko tsoho ya zo ya ce maka yana jin wari kusa da aikinka, ka ajiye abin da ke hannunka ka bi shi ka shaƙa.

Mai gari ne ya kai maganar gaba. Ba a daɗe ba sai ga mota daga Maradi, da ma'aikatan buron muhalli, wato ofishin kare muhalli. Shugabarsu wata matashiya ce, ba za ta girmi yayarka ba. Suka ɗebi ruwan rijiya a ƴan kwalabe, suka auna tazarar da ke tsakanin tanki da rijiya, suka nemi takarduna. Ni kuwa, maimakon in buɗe baki, sai na sa aka kamo babban ragon da nake kiwo aka ɗaure a bayan motarsu. Da ta fito ta gan shi, ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

Ta ce, "Baba, a sauke ragon nan. In na tafi da shi, da wane baki zan gaya wa matan can su daina shan ruwan?"

Ta rufa mini asiri a daidai lokacin da nake ƙoƙarin sayen nata mutuncin. Ni da kaina na hau na kwance shi, yana ta kuka, ina jansa ta gaban jama'a.

Za ka yi aiki da masu bincike irinta. Kada ka ɗauke su abokan gaba, kada kuma ka taya mai gida ɓoye musu komai. Dokar da na riƙa cewa ta ƴan birni ce masu neman wahalar da talaka, ashe kowane layi nata akwai wata rijiya da ta taɓa mutuwa kafin a rubuta shi. Kai ma za a ɗaura maka rago, ko wani abin da ya fi rago. Ka mayar, amma ka mayar kamar yadda ta mayar mini, ba tare da ka tozarta mutum ba.

Aka rufe gidan mai, aka zuƙe abin da ya rage a tanki, aka zo da injin tona. Rabin gari ya taru. Tun kafin a kai ga tankin, ƙasar da ake fitarwa ta zama baƙa, tana wari har idanu na yaji. Da aka ɗaga shi sama da sarƙa, sai ga ƙarƙashinsa ya ɓule wuri-wuri kamar rariya, ba ma inda Garba ya liƙe ba. Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da na fi samun sauƙi. Wani dattijo ne kawai daga bayana ya ce a hankali, "Allah sarki, Habu."

An kwashe ƙasar da ta gurɓata mota-mota aka kai inda suka nuna. Aka ce in zan ci gaba da sana'a, sai in matsa can bakin hanya nesa da gidaje da rijiyoyi, inda muke yanzu. Na sayar da gonar fadama na yi yadda aka ce. Na tsaya a kan aikin tun daga farko har ƙarshe. Na ga an gina ɗakin siminti a ramin, an shimfiɗa yashi mai tsabta. Na ga tanki mai bango biyu, in na ciki ya ɓule na waje ya tare, da abin da ke nuna hakan tun mai bai taɓa ƙasa ba. Na ga an hura masa iska an jira, an gwada kowace mahaɗar tiyo, an kafa bututun da tururi ke fita sama, an yi ɗan kwami a bakin da ake juye mai don kada ɗigo ya zuba a ƙasa. Ka fi ni sanin sunayensu. Abin da na lura kawai shi ne, wasunsu Garba ya ambata mini tun farko, kuma duk wahalarsu ba ta kai ta abin da na jawo ba.

Rijiyar Tsamiya ba ta dawo ba. An yashe ta an sake yashewa, warin yana nan, sai aka rufe bakinta. Dandamalin simintin nan da kuke zama a kai kuna cin gyaɗa da abokanka, ita ce. Kakannin kakanninmu suka gina ta lokacin da suka zo daga kudu suka sauka a nan. Na sa hannu aka ja pampo zuwa unguwar, amma in ya lalace, matan sai sun tafi bayan kasuwa. Jikar Inna Tsahara ta warke. Lambun bai sake tsiro ba har tsohuwar ta rasu.

Saura kuskure na ƙarshe. Bayan kowa ya ga ɓulin tanki da idonsa, ya kamata washegari in kama hanyar Cadakori. Ban tafi ba. Na ce sai aiki ya ƙare. Aiki ya ƙare na ce sai bayan damina. Innarka ce ta gaji, ta fitar mini da riga ta ajiye, ta ce, "In ba za ka je ba, ni zan je, a ce matarka ta fi ka."

Na same shi a bakin kasuwar Cadakori yana gyaran tayoyin babura. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Ya tashi ya karɓe ni, ya kai ni gida, aka kawo fura. Da muka keɓe a zaure na ce masa, "Habu, tankin ne. Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na ji labari tun ranar da aka tone."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Tsakanina da kai na yafe. Amma Isuhu, a kasuwa ka kira ni ɓarawo, ga shi a zaure kake wanke ni. A nan wa ya ji? Ni na tsufa, ba ruwana. Ƴaƴana nake ji. Sunan ubansu yana can Gangara inda ka bar shi."

Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, na roƙi liman ya ba ni dama. Na miƙe a gaban jama'a. Na ce ni Isuhu na yi wa Habu ƙazafi, bai taɓa ɗaukar ko ɗigon maina ba, shi ya fara gaya mini tanki na yoyo na ƙi ji. Na ce na san ruwan rijiya ya ɓaci kafin kowa ya sani, na canja wa gidana ruwa na yi shiru. Wannan ta biyun ba wanda ya sani sai innarka, kuma ba wanda ya ce in faɗa. Da na fara ne na ga ba zan iya tsayawa a rabi ba. Kana wurin, a sahun yara. Na hango ka kana wasa da hularka, ba ka san me ake yi ba.

Na aika wa Habu ya dawo ya riƙe sabon gidan man. Ya ce ya gode, ya saba da inda yake. Muna gaisawa da salla, amma bai ƙara taka Gangara ba.

Za ka yi kuskure, ɗana, ba mai aiki da hannu da ba ya yi. In ka yi, ka faɗa da wuri, kuma ka faɗa a inda ka yi shi, gaban waɗanda suka gani.

Ina da roƙo ɗaya. Hanyarka ta yamma ce, Cadakori ba ta yi nisa da ita ba. Ka ratse ka gaida Baba Habu. Kada ka kai masa komai da sunana, ba zai karɓa ba. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe ni, ka gaya masa aikin da za ka yi. In ya tambaye ka ko ka san abin da ya faru, ka ce ka sani, kuma ubanka ne ya gaya maka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da abokan aiki na gari. Allah Ya tsare ka daga wuta da rushewar rami da sharrin hanya. Ya sa albarka a hannunka, Ya sa kada wani ya cutu ta dalilinka, sane ko cikin rashin sani. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka riƙa kiran innarka, ita ba za ta ce tana kewarka ba. Ƴan'uwanka duk suna gaishe ka.

Ka sa ni a addu'a.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isuhu
Gangara